Daga ƙunar yatsa zuwa lamba T23: yadda asibiti ke rubuta ƙaramar ƙuna, da abin da ke rataye a kan rubutun

Ƙunar yatsa na daga cikin raunukan da jama'a suka fi rainawa. Mai toya ƙosai a bakin kasuwar Wuse, mai shayi a Nyanya, mai walda a Dei-Dei, ko uwargida da ke sauke tukunya daga kan gas, da wuya a sami wanda wuta ba ta taɓa lasar yatsansa ba. Galibi akan hura wurin, a shafa abin da ya samu, a ci gaba da aiki. Kaɗan ne ke zuwa asibiti.

Wanda kuwa ya je, ya yanki kati, likita ya duba shi, to labarin ciwonsa ba ya ƙarewa a kan maganin da aka ba shi. Bayan ya koma gida fayil ɗinsa zai isa sashen adana bayanan marasa lafiya, inda wani ma'aikaci da mai ƙunar ba zai taɓa gani ba zai karanta rubutun likita ya mayar da shi harafi da lambobi: T23.1, ko T23.2, ko kuma T23.0 idan rubutun bai fayyace zurfin ƙunar ba. Lamba ɗaya ce tak ta raba su, amma a kan wannan lamba kamfanin inshorar lafiya ke yanke shawarar biya, da ita ma'aikacin da ya ƙone a bakin aiki ke kafa hujjar neman diyya, kuma daga tarin irinta ne hukuma za ta iya sanin me ke ƙona mutane a ƙasar nan, a ina, kuma su wane ne.

Kundin da ya ba kowace cuta lamba

Waɗannan lambobi daga kundi ɗaya suke fitowa, wato Jerin Cututtuka na Ƙasa da Ƙasa da aka fi sani da ICD, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ke kula da shi. Asalinsa ƙidayar mamata ce. A shekarar 1893 Cibiyar Ƙididdiga ta Duniya, a taronta na birnin Chicago da ke Amurka, ta amince da jerin musabbaban mutuwa da wani masanin ƙididdiga ɗan Faransa, Jacques Bertillon, ya jagoranci tsarawa, domin birane da ƙasashe su daina kiran cuta ɗaya da sunaye goma. An riƙa sabunta jerin kusan duk bayan shekara goma, har WHO ta karɓi ragamarsa a 1948 tare da bugu na shida. A wannan bugu ne aka faɗaɗa shi ya ƙunshi cututtuka da raunukan da ba sa kisa, kuma ta wannan ƙofa ce ƙunar yatsa ta sami gurbi a kundin da aka fara dominsa don lissafin gawa.

Bugu na goma, ICD-10, Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da shi a watan Mayun 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Shi ne wanda jami'an adana bayanai a manyan asibitocin Najeriya suka fi sabawa da shi. Juzu'i uku ne: ɗaya jerin lambobi bi da bi, ɗaya littafin ƙa'idoji, ɗaya kuma fihirisar sunayen cututtuka bisa tsarin abajadi. Ƙa'idar aikin ita ce a fara nemo sunan ciwon a fihirisa, sannan a koma jerin lambobi a tabbatar, a karanta abin da aka ce lambar ta ƙunsa da abin da aka ce ba ta ƙunsa ba. Wanda ya tsallake mataki na biyu shi ne yakan faɗa rami.

Aikin nan sana'a ce mai rajista a Najeriya. Hukumar Rajistar Jami'an Adana Bayanan Lafiya, HRORBN, wadda dokar soja mai lamba 39 ta shekarar 1989 ta kafa, ita ke tantance waɗanda suka cancanci yin sa. Jama'a dai sun fi sanin sashen da sunan wurin yankar kati, suna ganin aikinsa bai wuce nemo fayil ba.

Yadda ake karanta T23

A ICD-10, babi na 19 shi ne na raunuka da guba, kuma lambobin ƙuna sun fara daga T20 zuwa T32. An raba su bisa sashen jiki: T20 kai da wuya, T21 gangar jiki, T22 kafaɗa da dantse zuwa kusa da wuyan hannu, T23 wuyan hannu da hannu, T24 ƙugu da ƙafa, T25 idon sawu da tafin ƙafa. Yatsu ba su da lambar kansu. Babban yatsa, sauran yatsu, farce da tafin hannu duk a cikin T23 suke.

Lambar da ke bayan ɗigo ita ke faɗin zurfin ƙunar, kuma a nan ne maganar baka da maganar asibiti suke rabuwa. T23.1 ƙuna ce ta mataki na farko, wadda ta tsaya a saman fata: wurin ya yi ja, yana raɗaɗi, ya bushe, bai ɗuri ruwa ba, kuma yakan warke cikin kusan mako guda ba tare da tabo ba. T23.2 mataki na biyu ne, inda zafin ya ratsa fatar sama ya taɓa ta ƙarƙashinta, wurin ya yi bororo ko fatar ta saɓule. T23.3 mataki na uku ne, inda kaurin fatar gaba ɗaya ya mutu, wurin ya yi fari fat ko ya yi baƙi ya ƙandare. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙuna ta mataki na uku sau da yawa ba ta da zafi, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ma sun ƙone. Mai ita sai ya ɗauka da sauƙi.

Ke nan abin da mai shayi zai kira ƴar ƙuna, wadda ta ɗuri ruwa a kan yatsa, a kundin asibiti ta riga ta bar mataki na farko. Idan yatsa ɗaya yana ɗauke da ja a gefe da bororo a tsakiya, masu wannan aiki sukan ɗauki mataki mafi zurfi su rubuta. Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Alamar da kundin ya dogara da ita wajen gane mataki na farko ita ce jan fata, alhali a baƙar fata jan ba ya bayyana sosai, musamman a bayan yatsa. Likita yakan haɗa da wasu alamu, kamar raɗaɗi, kumburi da yanayin saman fatar. Ƙuna ma takan canja kama cikin kwana biyu ko uku na farko, abin da aka gani ja kawai ranar Litinin ya wayi gari da bororo ranar Laraba. Lambar da aka sa a zuwan farko ba dole ba ne ta zama ta zuwa na biyu.

Daga T23.4 zuwa T23.7 kuwa an ware su ne don ƙunar sinadari, irin ta ruwan batir ko sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Tsarin matakan ɗaya ne, amma an raba su da ƙunar zafi domin magani da rigakafinsu sun bambanta. Ƙunar lantarki, ta ruwan zafi, ta tururi, har da ta gogayya irin wadda igiyar guga ke yi wa tafin hannu idan ta suɓuce, duk suna cikin rukunin ƙunar zafi. Ƙunar rana ce aka fitar, aka kai ta babin cututtukan fata a ƙarƙashin L55.

Sai lambar faɗin ƙuna, T31, wadda ke nuna kashi nawa na fatar jiki ya ƙone. Ma'aunin da ma'aikatan jinya ke amfani da shi ga ƙananan ƙuna shi ne tafin hannun mai ciwon tare da yatsunsa, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Duk ƙunar zafi a yatsa, komai muninta, a T31.0 za ta faɗa, wato ƙasa da kashi 10. Kundin ya ce wannan lamba ƙari ce idan an san sashen jikin da ya ƙone, ba ta zama babbar lamba sai in ba a san wurin ba. Wanda ya rubuta T31.0 kaɗai ga ƙunar yatsa ya ɓatar da muhimmin bayani, domin ƙunar kashi 1 a cinya da ƙunar kashi 1 a yatsun tela ko makanike ba ɗaya ba ne.

Lamba ta biyu: me ya ƙona shi?

T23 tana faɗin abin da ya sami jiki. Abin da ya jawo shi yana wani babi, na 20, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ne rabin aikin da ya fi amfani ga ƙasa, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Lambobin wannan babi sun bi rayuwar yau da kullum daki-daki. X10 ta abinci da abin sha mai zafi ce, har da man suya, wato ta mai ƙosai da mai shayi. X12 ta sauran ruwa masu zafi ce, kamar ruwan wanka da aka ɗora a murhu lokacin hunturu. X13 tururi, X15 kayan amfanin gida masu zafi irin tukunya da risho, X17 injuna da kayan aiki masu zafi, X18 sauran ƙarafa masu zafi. X04 ta kamawar abu mai saurin cin wuta ce, kamar fetur da kananzir, irin abin da ke faruwa idan an zuba wa janareta mai yana kunne, ko an cika fitila da gurɓataccen kananzir. Ana kuma iya ƙara lambar wurin da abin ya faru, 0 ga gida, 4 ga titi, 5 ga wurin kasuwanci, 6 ga masana'anta da wurin gini, 7 ga gona, da wata lamba da ke nuna ko mutum yana cikin aikin neman kuɗi ne lokacin da ya ƙone.

A ɗauka mutum uku sun zo asibiti ɗaya a Gwagwalada da ƙuna iri ɗaya, bororo a yatsu biyu. Dukkansu T23.2 ne. Ta farko mai ya fallatso mata ne a ɗakin girki, na biyu ya dafa ƙarfen da aka gama walda a wurin gini, na uku yaro ne ɗan shekara huɗu. Idan an tsaya a T23.2, mutum ukun sun zama abu ɗaya a lissafi. Idan an ƙara lamba ta biyu, ta farko ta shiga lissafin haɗurran girki, na biyu ya shiga na raunin wurin aiki, yaron kuwa dole a tambayi yadda aka yi.

Tambayar tana da nauyi, domin kundin ya raba ƙuna bisa niyya. Ruwan zafi da ya zubo bisa tsautsayi X12 ne. Idan wani ne ya tsoma hannun yaro a ruwan zafi ko ya ɗora masa abu mai zafi da sunan horo, lambar X98 ce, wato farmaki. Watsa wa mutum ruwan batir X86 ne. Inda bincike bai kai ga gane niyya ba akwai Y26 da Y27. Likitocin yara sun san siffar ƙunar da ke sa a yi shakka: wadda ta zagaye hannu kamar safa, mai iyaka a miƙe, babu alamun fallatsa, ko wadda labarin da iyaye suka bayar bai dace da shekarun yaron ba. A Babban Birnin Tarayya Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a ta 2015 duk suna aiki, kuma abin da aka rubuta a fayil ranar farko shi ne zai tsaya a gaban kotu idan magana ta kai can. Jami'in adana bayanai ba shi da hurumin yanke hukunci kan niyya da kansa. Abin da likita ya rubuta shi yake mayarwa lamba.

Haka nan akwai ƙunar da alama ce ta wata cuta. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa, ko mai kuturta da yatsunsa ba sa jin zafi, yakan riƙe tukunya mai zafi bai sani ba sai ya ga rauni. Mai farfaɗiya yakan faɗi kusa da murhu. A irin wannan hali ana sa lambar ƙunar, a kuma sa ta cutar da ke ƙarƙashinta, domin in ba a yi haka ba mutumin zai yi ta dawowa da sabuwar ƙuna ana lissafa shi a matsayin mai sakaci.

Tarkon intanet

Duk wanda ya nemi lambar ƙunar yatsa a Google zai ci karo da dogayen lambobi irin T23.121A ko T23.141A. Waɗannan ba na kundin WHO ba ne kai tsaye. Na Amurka ne, daga nata bugun da ta faɗaɗa mai suna ICD-10-CM, wanda ta fara aiki da shi a ranar 1 ga Oktoban 2015, mai lambobi kusan 70,000.

A tsarin Amurka an tsattsage hannu filla-filla. T23.11 ƙunar mataki na farko ce a babban yatsa, T23.12 a yatsa ɗaya wanda ba babban ba, T23.13 a yatsu da yawa ban da babban, T23.14 a yatsu da yawa har da babban, T23.15 a tafin hannu, T23.16 a bayan hannu. Lamba ta gaba tana faɗin ɓangare, 1 dama, 2 hagu, 9 ba a fayyace ba. Harafin ƙarshe kuma yana faɗin matakin jinya: A lokacin da ake tsakiyar yi wa raunin magani, D lokacin bibiya yayin da yake warkewa, S idan abin da ake dubawa saura ne da ƙunar ta bari, kamar tabo. Saboda haka T23.121A na nufin ƙuna ta mataki na farko a yatsa ɗaya na hannun dama, ba babban yatsa ba, ana kan magani. Amurka ta kai ga wannan tsattsagewa ne saboda kusan duk kuɗin da asibitocinta ke karɓa daga kamfanonin inshora yana rataye a kan lambar.

Babu laifi a tsarin, amma haɗa shi da na WHO a rumbun bayanai ɗaya yana ɓata lissafi. Kundin WHO ya tsaya a T23.1, bai san dama ko hagu ba. Saurar ƙuna kuma ba harafi yake ƙara mata ba, lamba dabam ya ba ta, T95, inda T95.2 ta shafi hannu. Idan asibiti mai zaman kansa a Maitama ya sayi manhajar da aka gina kan lambobin Amurka, asibitin gwamnati a Kubwa kuma yana aiki da littafin WHO, to duk wanda zai haɗa alƙalumansu sai ya fara daidaita su. Abin da ya kamata ma'aikaci ya fara sani shi ne wane bugu asibitinsa da kamfanin inshorar da yake hulɗa da shi suka amince da shi.

Inda kuɗi ya shigo

Tun da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin dokar NHIS ta 1999 kuma ta wajabta inshorar lafiya, adadin takardun neman biya da ke yawo tsakanin asibitoci da kamfanonin inshora sai ƙaruwa yake. A Abuja, inda ma'aikatan gwamnatin tarayya suka fi yawa, ga kuma tsarin inshorar lafiya na Babban Birnin Tarayya, wannan hulɗa ta zama ruwan dare.

Tsarin biyan yana da hawa biyu. Kulawar matakin farko ana biyan ta ne bisa yawan mutanen da suka yi rajista da asibiti, kuɗi tsayayye kan kowane kai a kowane wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Kulawar mataki na biyu kuma ana biyan ta ne bisa aikin da aka yi, bayan an sami izini daga kamfanin inshora. Ƙaramar ƙuna da wanki da ɗauri suka wadatar da ita a hawa na farko take. Sakamakon haka babu wata takardar kuɗi ta musamman da za ta tilasta wa asibiti ya sa mata lamba daidai, kuma abin da babu kuɗi a kansa shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Amma da zarar ƙunar ta yi zurfi har tana buƙatar likitan fiɗa ko gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, sai lambar ta zama hujja. Asibitin da ya rubuta T23.1 sannan ya nemi a biya shi kuɗin dashen fata ya saɓa wa kansa, kuma mai duba takardu yana da dalilin mayar masa da ita. A tsakanin wannan kai-komo mara lafiya ne ke zaune a benci yana jira.

Yana da kyau a bambanta wannan lamba da wata da masu inshora suka fi ji a bakin ma'aikatan asibiti, lokacin da aka ce musu ana jiran lamba daga kamfani. Waccan lambar izini ce, wadda kamfanin inshora ke bayarwa kafin a yi aikin mataki na biyu. Lambar ICD sunan ciwon ce, kuma galibi a kanta ake dogara wajen ba da waccan.

Ga ma'aikata akwai wata ƙofa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mai girki a otal ko ma'aikacin gidan burodi da ƙuna ta ƙandarar masa da yatsa zai buƙaci shaidar cewa a wurin aiki abin ya faru. Fayil ɗin da ya ce ƙuna a hannu, bai faɗi wane hannu, wane yatsa, da me, a ina ba, ba zai taimake shi ba bayan wata shida, lokacin da shaidu suka watse.

Yatsa ba wurin raini ba ne

Dalilin da ya sa likitocin ƙuna ke sanya hannu cikin wurare na musamman, tare da fuska, tafin ƙafa, al'aura da gaɓoɓi, shi ne fatar bayan yatsa siririya ce, jijiyoyin da ke miƙe shi kuma suna dab da ita. Ƙuna mai zurfi da ta ɗauki fiye da mako uku ba ta warke ba takan bar tabon da ke tsukewa, ya lanƙwashe yatsan ko ya manne shi da maƙwabcinsa. A jikin yaro abin ya fi muni, domin ƙashi yana girma tabo ba ya bin sa.

Abin da aka yi a mintunan farko yakan yanke ko ƙunar za ta tsaya a T23.1 ko ta gangara T23.2. Shawarar masana ita ce a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi ya kama, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙanƙara tana ƙara lalata fata. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, kamu da baƙin mai, waɗanda aka saba shafawa, suna iya shigar da ƙwayoyin cuta, suna kuma rufe wa likita ido ya kasa ganin zurfin raunin, wanda hakan kan kai ga rubuta ƙunar da ba a fayyace matakinta ba. Bororo ba a fasa shi a gida. Ƙunar da ta zagaye yatsa, ko ta hau kan gaɓa, ko ta lantarki ko sinadari ce, ko ta sami jariri ko mai ciwon suga, ta asibiti ce ko da ƙanƙanuwa ce, kuma a can za a duba ko ana buƙatar allurar rigakafin tetanus.

Abin da ƙasa ke gani da abin da ba ta gani

WHO ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a duniya duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan kashi biyu cikin uku a yankunan Afirka da Kudu maso Gabashin Asiya. A Najeriya ƙunar da ke shiga labarai ita ce ta manyan bala'o'i, kamar fashewar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja, kusa da Suleja, a watan Janairun 2025. Waɗannan kowa ya gan su. Ƙunar da ke faruwa ɗaya-ɗaya a ɗakunan girki da shagunan walda ba ta da mai ɗaukar hoto, fayil ɗin asibiti ne kawai shaidarta.

Bayanan cibiyoyin lafiya a ƙasar nan suna tafiya ne daga rajistar asibiti zuwa taƙaitaccen rahoton wata-wata, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, sannan su shiga manhajar DHIS2 da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara alƙaluma da ita, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira. A kowane mataki ana tattare bayani ana rage shi. Abin da bai shiga a matakin farko ba babu mai iya dawo da shi a sama. Idan likita ya rubuta kalmar ƙuna kaɗai, jami'in bayanai ba shi da zaɓi sai T30.0, wato ƙuna a sashen jikin da ba a faɗa ba, mai zurfin da ba a faɗa ba. Lamba ce halattacciya, kwamfuta za ta karɓe ta ba gardama, amma babu wata shawara da za a iya yankewa da ita. Ba ta nuna ko a wayar da kan masu amfani da tukunyar gas, ko a matsa wa masu gine-gine su ba leburori safar hannu, ko a ƙara ma'aikatan gashin ƙashi a asibitocin Kwali da Abaji.

Ba a kan likita kaɗai nauyin yake ba. Wanda ke duba layin marasa lafiya da bai ga ƙarshensa ba, da wuya ya tsaya rubuta sharhi kan yatsa. Sai dai abin da ake buƙata bai wuce layi ɗaya ba: wane hannu, wane yatsa, wane mataki, me ya jawo, a ina, da gangan ko tsautsayi. Takardar asibiti ko manhaja mai gurabe shida da za a cike ta isa ta ɗauke wannan nauyi. Shi ma mara lafiya yana da rawar takawa, ta hanyar faɗin gaskiyar yadda abin ya faru da abin da ya shafa wa wurin kafin ya zo. Bayanan nasa kuwa suna ƙarƙashin kariyar sirri da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 suka tanada.

Kundin kansa yana sauyawa. Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da bugu na 11 a watan Mayun 2019, ya kuma fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022, inda kowace ƙasa ke ƙaura zuwa gare shi gwargwadon shirinta. An gina ICD-11 ne domin kwamfuta, ana iya rubuta sunan ciwo manhaja ta nemo lambarsa. A cikinsa ƙunar wuyan hannu da hannu ta koma ND95, an kuma bar lissafin mataki na ɗaya, na biyu da na uku aka koma ga yadda likitocin ƙuna ke magana a yau: wadda ta tsaya a saman fata, wadda ta ɗan ratsa, wadda ta ratsa da zurfi, wadda ta cinye kaurin fata duka, da wadda ta wuce fata ta kai ga abin da ke ƙarƙashinta. Tsohon mataki na biyu ya rabu gida biyu ke nan, kuma rabuwar tana da ma'ana ga yatsa, domin rabin farko yakan warke da ɗauri cikin mako biyu zuwa uku, rabi na biyu kuwa shi ne mai barin tabo da kan kai ga fiɗa. Dama da hagu, da takamaiman yatsan da ya ƙone, ana liƙa su ne da ƙarin lambobi a bayan babbar lambar, ga asibitin da likitansa ya rubuta su a fayil.